Laifin da Ba a Ƙirgawa a Zamfara ta Yamma

Cikin shekara guda, 2021, ɓarayin daji suka zagaya ƙananan hukumomi uku maƙwabtan juna. A watan Fabrairu suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a Talata Mafara. A watan Agusta suka auka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma suka tasa ɗaliban makarantar Kaya a Maradun zuwa daji. Waɗannan duniya ta ji labarinsu, don an ƙirga su. Matar da aka tare a hanyar gona ko wajen itace aka yi mata fyaɗe, babu mai ƙirga ta.

Rikicin ya daɗe yana ruruwa kafin bindiga ta yawaita. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori aka raba manoma da gonakinsu, har 'yan sanda suka buɗe wa masu neman diyya wuta a 1980, talakan yankin ya san yadda ake ƙwace ƙasa a kwana lafiya. Daga baya abin ya koma kan makiyaya: aka nome burtali, aka yanka hurumin kiwo aka raba wa manya. Bafulatanin da shanunsa suka yi ɓarna yakan sayar da sa biyu kafin ya fito daga hannun hukuma. Da satar shanu ta tsananta, 'yan sa-kai suka shiga yanke hukunci a tsakiyar kasuwa, mai laifi da mara laifi. Ramuwar gayya ta biyo baya, dajin Sububu ya zama mafaka. Makamai suka kwararo ta iyakar Nijar bayan rushewar Libiya a 2011, ga kuɗin fansa, ga zinare, ga ƙwaya da ke gusar da hankalin yara masu bindiga.

To ina fyaɗe ya shigo? Ɗan bindiga ya san abin da yake yi. Keta haddin mace a gaban mijinta hanya ce ta karya zuciyar gari, ta yadda gobe in an aza harajin noma ba mai ɗaga murya. Amma kada mu ɗora wa daji komai. Yarinyar da ta yi gudun hijira zuwa Talata Mafara, tana kwana a kango, tana talla ko bara don uwarta ta ɗora tukunya, wanda ke yaudararta da ɗari biyar yawanci ɗan gari ne, har ana gaisawa da shi a masallaci.

In abin ya fito, sai dattawa su taru a zaure. "A rufa asiri, kada ta rasa miji." A ba uban ɗan abin da za a ba shi, magana ta mutu, ba a je asibiti ba balle gaban alƙali. Wannan fa a jihar da Gwamna Ahmad Sani Yarima, ɗan Bakura, ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999.

Gwamnati ta gwada sulhu a zamanin Gwamna Matawalle, ta hana haƙar ma'adinai a 2019, ta rufe layukan waya a 2021, Gwamna Dauda Lawal ya kafa rundunar tsaro ta Askarawa a 2024. Duk maganar bindiga ce da masu riƙe da ita. Matan da suka dawo daga daji da ciki kuwa, akasari danginsu ne kaɗai ke ɗawainiya da su, wasu ma mazajen sun sake su.