Kajin Gidan Gona: Allura Ce Ke Sa Su Girma?

Da an ajiye kazar gidan gona a gaban jama'a, sai ka ji wani ya ce, "Ai allurar sinadarin girma ake musu." Hujjarsa ita ce kazar Hausa sai ta yi wata biyar ko shida kafin ta isa yanka, wannan kuwa sati bakwai ta cika tukunya. Maganar ba gaskiya ba ce, kuma ƙirar sinadarin girman ce ke ƙaryata ta.

Sinadarin, wanda wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke fitarwa, furotin ne: sarƙa mai ƙwayoyin amino asid kusan 191, da ta naɗe ta zama murɗaɗɗun igiyoyi huɗu a ɗaure wuri guda. Da wannan naɗin yake kama mazauni biyu a jikin ƙwayar hanta, sai hanta ta saki IGF-1, mai sa ƙashi da tsoka su ƙaru. In naɗin ya warware, aiki ya tsaya. Shi ya sa ko an zuba shi a abincin kaji, ciki zai narkar da shi kamar wake, yadda mai ciwon sukari ba ya haɗiyar insulin sai dai allura. To wane mai gona ne zai riƙa kama kaji dubu biyar kullum yana tsira musu allura? Ko a gwajin masana, allurar ba ta ƙara wa kazar wani girman kirki ba. Kuma ƙirar ta bambanta tsakanin halittu: na saniya ba ya aiki a jikin mutum.

Asirin yana ga zaɓen iri. A 2014 masana a Jami'ar Alberta ta Kanada sun wallafa gwajin da suka ciyar da irin 1957 da na 2005 abinci ɗaya. A kwana 56, tsohon irin gram 905 ya yi, sabon ya haura kilo huɗu.

Amma jita-jitar tana da tushe. A Amurka an taɓa dasa wa kaji wani sinadari mai suna DES a wuya, har aka haramta a 1959. A 1993 kuma ƙasar ta amince a yi wa shanun madara allurar sinadarin girma, abin da Tarayyar Turai da Kanada suka ƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin ƙwayoyin cuta da wasu ke ɗura wa kaji ba ƙa'ida, su sayar kafin ya fita daga jikinsu. Idan za ka saya, tambayi mai gona yaushe ya ba su magani na ƙarshe.