Zare Ne Ya Tsinke, Akwatin Bai Mutu Ba

A Gauraka, kusa da Suleja a kan hanyar Kaduna, ƙurar hunturu ba ta ƙyale kome ba, balle tsohon akwatin rediyo mai bawul, irin su Philips da Grundig da magabata suka ji Sashen Hausa na BBC da su tun 1957. Sau da yawa magada kan murɗa mabuɗin tasha, su ga allura ta ƙi motsi, shi ke nan sai a miƙa wa ɗan gwangwan. Asara ke nan.

Galibi zare ne kurum. Shi ya naɗe sandar mabuɗin, ya bi ta kan ƙananan gargare, ya ja allura, kana ya juya faifan da ke buɗe jerin faranta na alminiyam, waɗanda su ne ke zaɓen tasha. In ya tsufa sai ya saki, ko ya tsinke. Gwanin mai gyara ba ya kwance shi sai ya zana hanyarsa a takarda, gama in aka naɗa shi a baibai, allura ta nufi mita 49, tasha ta nufi wani wuri. Farantan kuwa hurawa ake yi, ba a lanƙwasa su, ba a zuba musu man ja.

Mazauna Ikko da Fatakwal, naku abokin gābar tsatsa ce, saboda laima. Kuma kada yaro ya sa hannu ciki, ko an zare waya: wutar da ta haura bolt 200 takan kwanta a ciki.