Gidan da Ɓarawo Ke Zaɓa

Ɓarawon dare ba ya faɗa wa gida da ka. Da rana yake fara aikinsa, yana lura da wanda ke shiga da wanda ke fita, da inda katanga ta yi gajere.

A cikin birnin Kano, ko tsohon garin Zariya, gidaje manne suke da juna, kuma kowa ya san ɗan gidan wane. Baƙon da ya ratsa lungu bayan sallar isha'i sai an tambaye shi wa yake nema. Sababbin unguwannin bayan gari kuwa daban suke: gida ɗaya, kango biyu, fili, sannan wani gida. Kangon nan shi ne maɓoyar ɓarawo, daga cikinsa yake leƙe, ta jikinsa yake haurawa. Wanda ya tare a irin wannan wuri, ko ya yi ihu, kafin maƙwabci ya buɗe ƙofa an yi nisa.

Mutane da yawa sun ba doguwar katanga amana, har a jera mata fasassun kwalabe. Tana tare ƙaramin ɓarawo, amma wanda ya riga ya dira ciki, ita ce ke rufa masa asiri daga idon masu wucewa. A ganina fitilar sola ɗaya a bayan gida ta fi ƙarin layin bulo uku amfani.

Yanayi ma yana da nasa hannu. Da bazara zafi kan kori mutane tsakar gida, tagogi a buɗe, waya a gefen tabarma. Da damina rugugin ruwa a kan kwano yana haɗiye ƙarar ɓalle kwaɗo. Janareta ma haka: ya ba ka haske, ya toshe maka kunne.

Sauran kuma halin masu gida ne. Yaro ya dawo daga kallon ƙwallo ya manta sakata. Tsani ya kwana jingine da bango. Maigida ya sayar da amfanin gona, ya ba da labari a majalisa, ko uwargida ta baza hoton kayan ɗakin amarya a Facebook. Da ɗan gari akan ci gari. Sau tari wanda ya san inda ake ajiye babur ne ya kai rahoto. Biyan kuɗin 'yan sintiri, da mutane ke ƙyashi, yana cikin kariya mafi araha. Masu sa ƙarfe a taga dai su bar guda mai buɗewa daga ciki, saboda gobara.

Bincike a unguwar Kirkholt ta Ingila a shekarun 1980 ya nuna gidan da aka taɓa fasawa ya fi sauran fuskantar haɗarin a sake fasa shi. Ɓarawo ya riga ya san hanya, ya kuma san za a sayo sabon kaya. Don haka wanda aka shiga wa daren jiya, yau zai canza kwaɗo ya gyara inda aka haura, ba sai ƙarshen wata ba.