Yadda kwamfuta ke gano suna cikin dubbai

Idan mai zaɓe ya miƙa katinsa a Shinaka, cikin ƙaramar hukumar Goronyo, tambayar farko da na'urar BVAS ke amsawa ita ce: shin yana cikin rajistar wannan rumfa?

Domin irin wannan tambaya, masu rubuta manhaja a harshen Python suna da ma'ajin da ake kira set, wanda ba ya karɓar abu sau biyu. Maimakon bin jeri daki-daki, kwamfuta kan mayar da suna adireshi, ta leƙa gurbinsa kai tsaye, ko da sunayen miliyan ne.

Sai dai a wajenta, Muhammadu da Muhammad mutum biyu ne. Saboda haka ma'aikaci da ɗan kasuwa su tabbata rubutun sunansu a banki da na NIN iri ɗaya ne.