Ciwon ɓarin kai: mu san shi, mu san maganinsa

Akwai wani ciwon kai da ke kama ɓari ɗaya, yana bugawa kamar ana daka a turmi. Mai shi yakan ji tashin zuciya, har ya yi amai. Ba ya son haske, ba ya son hayaniya. Ciwon yakan ɗauki awa 4 zuwa kwana 3, ya lafa, wata rana ya dawo. Wasu sukan ga walƙiya a idanunsu kafin ya taso.

Daga ina yake?

Ba sammu ba ne, ba aikin iskoki ba ne. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyin kai. Ana gadonsa daga iyaye. Ya fi kama mata, musamman lokacin haila.

Abubuwan da ke tayar da shi sun haɗa da yunwa, ƙishirwa, rashin barci, damuwa, daɗewa cikin zafin rana, hayaƙi da turare mai ƙarfi. Kowa da nasa. Ka lura da naka, ka rubuta ranar da ciwon ya zo da abin da ka yi kafin nan. Manomi ya fita gona da sassafe, ya tafi da ruwan sha, ya huta a inuwa da tsakar rana.

Idan ya taso

Ka kwanta a ɗaki mai duhu, ka ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a goshi. Ka sha magani tun ciwon bai yi ƙarfi ba. Babba yana iya shan farasetamol mai miligiram 500, ƙwaya 2, amma kada ya wuce ƙwaya 6 a kwana ɗaya. Asfirin ma yana aiki, sai dai ban da yara, da masu juna biyu, da masu gyambon ciki.

Hattara! Shan maganin ciwon kai kusan kullum yana haifar da wani ciwon kan. A guji ƙwayoyin masu talla a kasuwa. Wanda ciwon ke yawan kayar da shi ya ga likita, domin akwai maganin da ke rage yawan zuwansa.

Wanda ba a jira da shi

A garzaya asibiti idan ciwon kai ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, domin yana iya zama sanƙarau. Haka nan idan ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da farfaɗiya, ko mutuwar ɓarin jiki. Mace mai ciki da kanta ke ciwo sosai, a gwada mata hawan jini ran nan.