Doddie Weir: ɗan manomin da ya yi suna a zari-ruga, ya ƙare yana yaƙi da cutar da ba ta da magani

Ranar 18 ga Nuwamba 2017, kafin Sikotland ta kara da New Zealand a filin Murrayfield da ke birnin Edinburgh, wani dogon mutum sanye da kwat mai ratsi-ratsi ya shigo fili ɗauke da ƙwallon wasan, ƴaƴansa maza uku na biye da shi. Ƴan kallo sama da dubu 60 suka miƙe tsaye suna tafi, wasu na share hawaye. Kowa a wurin ya san Doddie Weir, kowa kuma ya san cewa watanni biyar da suka wuce ya sanar da duniya yana ɗauke da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi.

An haifi George Wilson Weir ranar 4 ga Yuli 1970 a Edinburgh, amma a gonar mahaifinsa kusa da ƙauyen Stow ya tashi, a kudancin ƙasar, yankin makiyaya tumaki inda zari-ruga ke da farin jini kamar yadda kokawa take da shi a Maradi ko Tawa. Ya yi karatun aikin gona, ya kuma fara yin fice a ƙungiyar Melrose. A lokacin ba a biyan ƴan zari-ruga albashi. Ɗan wasa kan yi sana'arsa da rana, ya je atisaye da yamma.

A wannan wasa kowace ƙungiya na da mutum 15, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce, ana rungumarta a ruga, ba a miƙa ta da hannu sai ta baya ko ta gefe. Weir, mai tsawon kusan mita biyu, yana cikin masu tsalle su cafe ƙwallo idan an jefo ta daga gefen fili. Shahararren mai sharhin wasanni Bill McLaren ya taɓa kwatanta gudunsa da na raƙumin dawa da ya haukace, sunan kuwa ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya fara buga wa ƙasarsa a Nuwamba 1990 a karawa da Ajantina, ya kuma yi mata wasa 61 cikin shekaru goma. A gasar cin kofin duniya ta 1995 a Afirka ta Kudu, sau biyu yana dire ƙwallo a bayan layin New Zealand a wasan kusa da na kusa da ƙarshe, duk da cewa Sikotland ce ta sha kashi.

A shekarar ne aka halatta biyan ƴan wasa kuɗi. Weir ya tsallaka Ingila ya shiga Newcastle Falcons, wadda ya ci gasar ƙasar da ita a 1998, ya kuma ɗaga kofi yana kyaftin a 2001. Babban abin da ya tsaya masa a rai ya faru ne a 1997, lokacin da aka zaɓe shi cikin Lions, tawagar gwanayen Birtaniya da Ireland da ta je Afirka ta Kudu. A wasa da lardin Mpumalanga, wani ɗan wasa mai suna Marius Bosman ya take masa gwiwa, tafiyar tasa ta ƙare nan. Daga baya Weir ya ajiye abin goge takalmi mai siffar bushiya a ƙofar gidansa, ya raɗa masa suna Marius.

Da ya ajiye wasa a 2004, kuɗin da ya samu ba su kai na ƴan ƙwallon ƙafa ba, dole ya nemi abin yi. Ya kama aiki a kamfanin Hutchinson Environmental Solutions na dangin matarsa Kathy, wanda ke harkar ramukan ba-haya da tace gurɓataccen ruwa, har ya zama daraktan kasuwanci. Bai ji kunyar aikin ba, shi da kansa ya kan mai da shi abin raha. Yana haɗa wannan da noma, da sharhi a talabijin, da jawabi a wuraren liyafa.

A Disamba 2016 likitoci suka tabbatar masa da cutar, bayan ya lura hannunsa na rasa ƙarfi. Cutar na lalata jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, sai tafiya da magana da haɗiya da numfashi su riƙa gagarar mutum sannu a hankali, alhali galibi hankalinsa garau yake. Fiye da rabin masu ita kan rasu cikin shekaru biyu da gano ta. Abin da ya fi ɓata wa Weir rai shi ne magani ɗaya tak aka amince da shi a Birtaniya, wato riluzole, wanda ƴan watanni kawai yake ƙara wa majiyyaci.

Don haka a 2017 ya kafa gidauniyar My Name'5 Doddie, lamba 5 ɗin ita ce ta rigarsa ta wasa. Kafin rasuwarsa gidauniyar ta tara kimanin fam miliyan 8, wajen biliyan 6 na kuɗin sefa, domin bincike da tallafa wa majiyyata. Yana cikin waɗanda suka matsa wa gwamnatin Birtaniya har ta yi alƙawarin fam miliyan 50 na binciken cutar a 2021. Tun 2018 kuma Sikotland da Wales ke fafatawa a kan wani kofi mai sunansa.

A Nuwamba 2022 ya sake komawa Murrayfield kafin wata karawar da New Zealand, wannan karon a keken marasa lafiya, matarsa da ƴaƴansa na kewaye da shi. Ya rasu ranar 26 ga watan yana da shekaru 52, kusan shekaru shida bayan gano cutar. Gidauniyar na ci gaba da biyan kuɗin bincike, kuma har yanzu ba a samo maganin ba.