Bindigar fenti: Abin da mai fentin babura ya kamata ya duba kafin ya saya

A ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan, yawancin aikin da ke zuwa hannun mai fenti ba mota sukutum ba ce. Tankin babur ne da ya koɗe, ko murfin gefe, ko bambar motar haya da aka goga a hanyar Zariya zuwa Kano. Amma idan matashi ya sami 'yanci daga ubangidansa, ya nufi Sabon Garin Zariya ko Ƙofar Ruwa a Kano domin haɗa kayan aiki, idonsa kan tafi ne kan babbar bindiga irin ta masu fentin mota. Daga nan asara ke somawa.

Iskar kwamfuresa ce ke farfasa fenti ya zama feshi. Babbar bindiga nau'in HVLP tana cin iskar da ta kai lita 300 zuwa 400 a minti ɗaya, alhali ƙaramin kwamfuresa mai tankin lita 25 ko 50 da ƙyar yake samar da rabin haka. Feshin farko kan fita lafiya, sai iska ta ja baya, fenti ya riƙa fita da gudaji, fuskar tanki ta koma kamar ɓawon lemo. Dole a koma ga samfefa, a sake haɗa fenti, a sake ƙona fetur a janareto. Lambar da ke jikin tankin kwamfuresa girman tankin kawai take nunawa. Abin tambaya shi ne yawan iskar da injin ke fitarwa a minti, kuma adadin da ake bugawa a kwali sau da yawa na iskar da yake zuƙa ne, wanda ya fi wanda yake bayarwa.

Ga ƙananan kaya, ƙaramar bindiga mai kofi a sama ta fi dacewa. Kofinta bai wuce mililita 125 ba, bakinta milimita 0.8 zuwa 1.0, feshinta kuma siriri ne, ba ya zarce gefen abin da ake fesawa. Tsohuwar bindiga mai gwangwanin lita ɗaya a ƙasa tana buƙatar matsin iska mai ƙarfi, har fiye da rabin fentin kan bi iska, ga wanda ke saura a gindin gwangwani. Ma'aunin da ake auna HVLP da shi a Amurka shi ne aƙalla kashi 65 cikin 100 na fentin ya sauka a kan kaya.

Fentin shimfiɗa na farko yana da kauri, baki mai milimita 1.7 ko 1.8 yake so. Gara a ware masa bindiga mai araha da a tsinka shi da tina har ya kasa rufe komai. Kafin a biya kuɗi kuma, a tabbatar ana samun allura da bakin canji na wannan samfuri a kasuwa.

Da damina ruwa kan taru a tankin kwamfuresa ya biyo tiyo, ya ɓata aiki da ƙuraje. Matatar ruwa a gindin bindiga da zubar da ruwan tanki kullum suna magance haka.

Babu bindigar da ke kare huhu. Fentin da ake haɗawa da sinadarin ƙarfafawa, wanda ake kira 2K, yana ɗauke da isocyanate, wanda hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta sanya cikin manyan musabbaban cutar asma a wurin aiki. Ƙyalle ko takunkumin asibiti ba ya tare shi. Shawarar hukumar ita ce takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo, tare da nisanta kowa daga wurin feshi, ciki har da yaran shago masu jiran a miƙo musu bindiga su wanke.